Darasi Daga Jamus: Abin Da Tambayoyi 38 Ke Iya Aunawa Da Abin Da Ya Fi Ƙarfinsu

Duk lokacin da babban zaɓe ya ƙarato a Jamus, akwai wani shafin intanet da miliyoyin mutane ke yi wa tururuwa, sunansa Wahl-O-Mat. Mutum zai buɗe shi a wayarsa, a jero masa jimloli 38 ɗaya bayan ɗaya, kowace tana ɗauke da wata shawara kan yadda za a tafiyar da ƙasa. Amsa uku aka ba shi: na yarda, ban yarda ba, ko ina tsaka-tsaki. In ya ga dama kuma ya tsallake. Idan ya kai ƙarshe, sai ya ware batutuwan da suka fi ci masa tuwo a ƙwarya, a ninka musu maki. Nan take shafin zai jero masa jam'iyyu, daga wadda amsoshinta suka fi dacewa da nasa har zuwa wadda suka yi hannun riga, kowace da kasonta cikin 100.

Jamusawa aron dabarar suka yi daga maƙwabciyarsu Holan, inda aka fara irin wannan gwaji mai suna StemWijzer a 1989, a kan takarda da faifan kwamfuta, kafin ya hau intanet a 1998. Hukumar tarayya mai wayar da kan jama'a kan harkokin siyasa, wadda ake taƙaita sunanta da bpb, ita ta kawo shi Jamus a zaɓen 2002. A waccan shekarar an yi amfani da shi sau miliyan 3.6. A zaɓen 2017 adadin ya kai miliyan 15.7, a 2021 kuma ya haura miliyan 21. Ga ƙasar da masu ikon jefa ƙuri'a ba su wuce wajen miliyan 60 ba, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Gwajin ya zama wani ɓangare na hidimar zaɓe, ana hirarsa a makarantu da ofisoshi da gidaje.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: idan na'ura ta ce wa mutum ra'ayinsa ya yi daidai da na wata jam'iyya da kashi kaza, shin ta gano ainihin abin da ke ransa? Amsata ita ce ta gano wani yanki, ta bar yanki mai yawa. Sai dai akwai wani aiki da wannan gwaji yake yi da kyau ƙwarai, wanda ba a cika lura da shi ba, kuma shi ne ya fi dacewa mu koya.

Bari mu fara da yadda ake haɗa shi. Watanni kafin zaɓe, hukumar tana tara matasa masu jefa ƙuri'a, wasunsu ma wannan ne zaɓensu na farko, ta haɗa su da malaman jami'a da masana. Su bi kundin manufofin jam'iyyu su fitar da jimloli kimanin 80. Sai a aika wa duk jam'iyyar da ke kan takardar zaɓe, babba da ƙarama, ta amsa kowace jimla, ta kuma rubuta dalilinta a taƙaice. Daga nan ne ake tace 38, ana fifita waɗanda jam'iyyu suka fi saɓawa a kansu. A 2021 jimlar farko tana cewa a ƙayyade gudun mota a dukkan manyan hanyoyin ƙasar. Akwai wadda ta ce a ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa Yuro 12 a awa, da wadda ta ce a bar ma'aikatan gwamnati mata su sa kallabi a bakin aiki, da wadda ta shafi bututun iskar gas na Nord Stream 2 da ya taso daga Rasha, da ta ƙarin kuɗin tsaro.

Yanzu mu ƙaddara wata mata Musulma, haifaffiyar Berlin, mai ƙaramin gidan burodi da ma'aikata uku, ta zauna amsa waɗannan tambayoyi bayan ta rufe shago. Batun kallabi ba ta yi wata-wata ba, ta danna na yarda, ta kuma ninka masa maki. Batun albashi ya tsayar da ita: tana son yaran shagonta su samu abin rufin asiri, amma ta san cinikinta, ta san kuɗin wuta da na fulawa. Tana goyon baya idan za a yi a hankali, ko a rage mata haraji. Babu wurin rubuta wannan sharaɗi, sai ta danna tsaka-tsaki, na'ura kuma ta lissafa ta tare da wanda bai damu da batun ba sam. Gudun mota kuwa ba ta da mota, amma ta ga babu laifi, ta danna na yarda. Bututun gas ba ta taɓa zama ta yi tunani a kansa ba, sai dai ta ji kunyar tsallakewa, ta zaɓi abin da ta tuna ta ji a rediyo. A ƙarshe amsar da ta fito daga ƙasan zuciyarta, da wadda ta bayar don fita kunya, duk an zuba su a lissafi ɗaya. Abin da ke hana ta barci, wato yadda ake yi wa ɗanta kallon baƙo a ƙasar haihuwarsa, babu jimlar da za ta iya ɗauke shi gaba ɗaya.

Haka kuma mutum biyu za su iya ba da amsa ɗaya bisa dalilai da ba su haɗa hanya ba. Wani ya ƙi bututun gas ɗin nan don yana son a daina ƙona man da ke dumama yanayi. Wani ya ƙi shi don yana tsoron Jamus ta dogara da Rasha, alhali bai ga laifin gas ba in daga wani wuri ya zo. Na'ura ta sa su a layi ɗaya, su kuwa in sun zauna hira ba za su jima ba su saɓa. Mudu yana gaya maka yawan hatsi, amma ba ya gaya maka ko na bana ne ko ƙwari sun ci. Gwajin yana ƙirga amsa, dalilin amsar kuma ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma batun wanda ya zaɓi tambayoyin. A Beljiyam, wani masanin siyasa na Jami'ar Antwerp, Stefaan Walgrave, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2009 kan irin wannan gwaji na ƙasarsu. Sun riƙa sauya jerin jimlolin da ake sakawa, suna cire wasu suna maye gurbinsu da wasu, alhali amsoshin mutane suna nan yadda suke. Sai suka ga shawarar da na'urar ke bayarwa tana sauyawa sosai: da wannan jeri wata jam'iyya ta samu mutane da yawa, da wancan jeri ta rasa su. Ke nan mai tsara tambaya yana da hannu a sakamako ko da bai yi nufin son kai ba. Inda kuma akwai nufin, abin ya fi sauƙi. A Amurka akwai wani gwaji mai tambayoyi 10 kacal da Marshall Fritz ya fitar a 1987, ƙarƙashin wata ƙungiya mai rajin a rage hannun gwamnati a kasuwa da rayuwar mutane. Tambayoyi biyar kan tattalin arziki, biyar kan 'yancin mutum, dukkansu kan abin da ƙungiyar ta ɗauka shi ne ginshiƙin siyasa. An daɗe ana sukarsa da cewa yadda aka tsara kalmomin yana jan mai amsawa zuwa gidan masu gwajin.

Shi kansa Wahl-O-Mat, duk da taka-tsantsan ɗin da ake yi, bai tsira ba. A watan Mayun 2019, kwanaki kaɗan kafin zaɓen majalisar Tarayyar Turai, wata ƙaramar jam'iyya mai suna Volt ta kai ƙara kotu a birnin Kolon. Kukanta shi ne shafin yana barin mutum ya gwada kansa da jam'iyyu takwas kawai a lokaci guda, kuma yawancin mutane manyan da suka sani suke zaɓa, ƙananan ba a ko ganinsu. Kotu ta ba ta gaskiya, aka rufe shafin na 'yan kwanaki, daga baya aka gyara tsarin yadda za a iya ganin dukkan jam'iyyu gaba ɗaya. Ƙaramin tsari irin wannan, wanda mai amsawa ba zai ma lura da shi ba, yana iya karkatar da abin da yake ɗauka ra'ayinsa ne.

Matsalar da ta fi zurfi tana wajen mai amsawar. Gwajin ya ɗauka kowa yana da tsayayyen ra'ayi a kan kowane batu, jira kawai yake a tambaye shi. Masana sun daɗe da nuna ba haka abin yake ba. Philip Converse na Jami'ar Michigan ya wallafa wani shahararren nazari a 1964, bayan an yi wa mutane iri ɗaya tambayoyi iri ɗaya a 1956 da 1958 da 1960. Ya tarar da yawansu suna sauya amsa daga wannan shekara zuwa waccan ba tare da wani dalili ba, kuma 'yan ƙalilan ne ke ɗaure ra'ayoyinsu da wata aƙida guda. Bayansa George Bishop da abokansa a Jami'ar Cincinnati sun tambayi mutane ko suna goyon bayan a soke wata dokar harkokin jama'a ta 1975. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka ba da ra'ayi, wasu na so wasu na ƙi. Dokar kuwa babu ita, masu binciken ne suka ƙirƙire ta.

Abin da aka yi a Suwidin ya fi wannan ban mamaki. Gab da zaɓen 2010, Lars Hall da Petter Johansson na Jami'ar Lund da tawagarsu sun tare mutane 162 a kan titi, suka ba su takardar tambayoyi 12 kan batutuwan da suka raba manyan ɓangarorin siyasar ƙasar biyu. Yayin da mutum ke cikewa, mai binciken yana leƙe, yana cike wata takarda irinta a ɓoye, amma yana juya wasu amsoshin zuwa ɓangaren hamayya. Da ya karɓi takardar sai ya manna tasa a kai cikin dabara, ya miƙo masa ya ce ya bayyana dalilin amsoshinsa. Kashi 22 cikin 100 kawai na amsoshin da aka juya aka gano. Sauran kuwa mutane suka tsaya suna kare su, suna kawo hujja kan abin da ba su faɗa ba. Da aka haɗa maki aka nuna musu ɓangaren da wai suka karkata, kashi 92 cikin 100 suka karɓa a matsayin nasu. Waɗannan ba jahilai ba ne, mutanen ƙasa ce mai ilimi da tsohuwar dimokuraɗiyya. Abin da binciken ya nuna shi ne ɗan Adam yana da saurin karɓar hoton kansa idan an miƙo masa shi a rubuce da alƙaluma. Nan haɗarin yake, domin wanda na'ura ta ce masa shi ɗan gidan kaza ne yana iya fara gyara ra'ayinsa don ya dace da sunan da aka ba shi.

Su ma sunayen ba su cika ɗaukar mutane ba. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka, wadda ke rarraba Amurkawa gida-gida bisa ra'ayinsu, ta tambayi mutum fiye da 10,000 a 2021. Ƙasa ce mai manyan jam'iyyu biyu, amma gida tara binciken ya fitar. A cikin magoya bayan jam'iyyar Republican akwai babban rukuni da ke da tsauri kan baƙin haure, amma yana son a ƙara wa attajirai haraji, abin da shugabannin jam'iyyar suka daɗe suna ƙi. A cikin na Democrat akwai rukuni mai riƙo da addini, wanda ba ya tafiya da 'yan gaba-dai-gaba-dai na jam'iyyar a wasu batutuwan zamantakewa. Kashi 15 cikin 100 kuma ba su zauna a kowane ɓangare ba, rayuwa ta sha musu kai, siyasa ba ta gabansu. Sannan ko ra'ayi ya dace, ƙuri'a ba ra'ayi kaɗai ba ce. Akwai amana, akwai tarihin ɗan takara, akwai sanin ko zai iya aikin. Babu jimlar da ke auna waɗannan. Shi ya sa hukumar da ke gudanar da Wahl-O-Mat take nanata cewa ba shawarar wanda za a zaɓa take bayarwa ba, hanyar samun bayani ce kawai.

To ina amfaninsa? Amfaninsa yana ɗaya ɓangaren, wajen jam'iyyu. Kafin talaka ya amsa tambaya ko ɗaya, an riga an sa kowace jam'iyya ta amsa dukkansu a rubuce, da dalili, a wuri guda da kowa zai iya gani. Babu damar a faɗi wannan a arewacin ƙasa a faɗi wancan a kudu. Kuma rubutun yana nan bayan zaɓe. A zaɓen 2021 jam'iyyar SPD ta yi alƙawarin mafi ƙarancin albashi na Yuro 12 ɗin nan, ta jagoranci gwamnati, aka fara biyansa ranar 1 ga Oktoban 2022. Ita da jam'iyyar masu rajin kare muhalli sun goyi bayan ƙayyade gudun mota, amma abokiyar haɗakarsu FDP ta ƙi, aka ajiye batun, kuma kowa ya san wanda ya sadaukar da me don a kafa gwamnati. A zaɓen 23 ga Fabrairun 2025, jam'iyyar CDU ta Friedrich Merz ta yi yaƙin neman zaɓe kan riƙe dokar taƙaita cin bashi da ke cikin kundin tsarin mulki. Ba a cika wata guda ba, ranar 18 ga Maris, ta jefa ƙuri'ar sassauta dokar tare da kafa asusun Yuro biliyan 500. Ta kawo hujjojinta na sauyin yanayin tsaro, amma ba ta iya cewa ba ta faɗa ba. A 2025 ɗin ma wata ƙungiya mai suna FragDenStaat ta fitar da Real-O-Mat, wanda ke gwada ra'ayin mutum da yadda jam'iyyu suka jefa ƙuri'a a majalisa, maimakon abin da suka yi alƙawari.

A nan darasin ya shafe mu kai tsaye a Najeriya. Mun taɓa ganin yadda aron ma'aunin wasu yake ƙarewa. A watan Oktoban 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙi rajistar ƙungiyoyin siyasar da suka nema, ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta ce ɗaya ta ɗan karkata hagu ɗaya ta ɗan karkata dama, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi. Hagu da dama kuwa daga zaman majalisar Faransa ta 1789 suka samo asali. Mu muna da namu layukan saɓani. Bayan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kowa ya san abin da ya raba ta da jam'iyyar NPC: matsayin talaka a gaban masu sarauta, haraji da jangali, kotunan alƙalai da 'yan doka. Manomi a ƙauye yana iya faɗa maka dalilin da ya sa yake wannan gida. Yau ɗan siyasa yana sauya sheƙa sau uku cikin shekara huɗu ba tare da ya sauya jimla ɗaya a bakinsa ba, domin tun farko babu inda aka rubuta matsayinsa. Saboda haka matashin da ya shiga gwajin da aka tsara don Amurkawa, aka tambaye shi kan mallakar bindiga da inshorar lafiyarsu, aka ce masa shi mai ra'ayin riƙau ne ko mai sassauci, bai ƙaru da komai ba game da zaɓin da ke gabansa a mazaɓarsa.

Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne tilasta wa masu neman ƙuri'a su amsa a rubuce. A zaɓen 2023 manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun ce za su cire tallafin man fetur. Da aka cire shi ranar 29 ga Mayu, mutane da yawa sun ji abin kamar saukar aradu. Da an yi tambayar da kyau, an nemi kowa ya faɗi yaushe, ta wace hanya, da kuma inda kuɗin za su tafi, aka karanta amsoshin da Hausa a gidajen rediyo, da masu zaɓe sun shiga rumfa da idonsu a buɗe. Tambayoyinmu a bayyane suke: a kafa 'yan sandan jihohi ko a'a, a yi sulhu da 'yan bindiga ko a'a, kuɗin ƙananan hukumomi su tafi hannunsu kai tsaye ko su bi ta jiha, me za a yi da karatun almajirai, wa zai biya kuɗin taki da na jarrabawa. Rediyo ya fi intanet isa ga jama'armu, kuma filin da ake sayar wa sojojin baka su yi ta zage-zage ya isa a karanta amsar jam'iyya goma kan batu guda.

Sharaɗi biyu ne ba za a yi wasa da su ba. Na farko, a san waɗanda suka tsara tambayoyin, a haɗa mata da maza, birni da ƙauye, Musulmi da Kirista, a kuma wallafa yadda aka zaɓe su. Na biyu, kada a nemi sunan mai amsawa ko lambar wayarsa. Wahl-O-Mat ba ya neman ko ɗaya. Mu tuna cewa ta hanyar wani gwajin halayya a Facebook, wanda mutum kimanin 270,000 suka shiga, aka kwashi bayanan mutane har miliyan 87, kamfanin Cambridge Analytica ya samu. Da asiri ya tonu a 2018, jaridar Observer ta Birtaniya ta ruwaito cewa an ɗauki hayar wannan kamfani ya yi aiki a zaɓen Najeriya na 2015. Hukumomin Amurka sun ci tarar Facebook Dala biliyan 5 a 2019.

Don haka, ya kai mai karatu, idan an turo maka irin wannan gwaji a waya, ka fara duba wanda ya shirya shi da abin da yake nema a wurinka. In ka amsa, ka tsallake abin da ba ka sani ba, babu kunya a ciki, ka kuma karanta dalilan da ke bayan kowace amsa kafin ka kalli maki. Ku kuma 'yan jarida da malaman jami'a da ƙungiyoyin matasa, kada ku jira sai an buga gangar zaɓe. Ku zauna tun yanzu ku fitar da tambayoyin da suka dami jama'arku, ku kai wa kowane ɗan takara, daga kansila har shugaban ƙasa, ku ba shi wa'adi, ku wallafa amsarsa, ku wallafa sunan wanda ya ƙi amsawa. Wanda ba zai iya faɗin matsayinsa a rubuce kafin zaɓe ba, bai cancanci a ba shi amanar jama'a ba.